Batirin Baba da Maƙwabcin da Ba a Gaisarwa

Kwarin Rhondda,
ƙarshen watan Fabrairu.

Zuwa ga ƙanena Gethin,

Gaisuwa mai tarin yawa daga tsohon gida, tare da roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Narelle da yaran duka. Ina fata gwiwar Narelle da aka yi wa aiki ta warke har ta ajiye sanda. Allah ya tsare ka a wurin aikinka, ya raya mana Osian da Tegan, ya sa su girma da sanin inda ubansu ya fito. Mu nan sai godiya. Maigidana Alun yana nan da ciwon bayansa da gardamarsa, ba wanda ya ragu a cikinsu. 'Yarmu Lowri ta samu aikin koyarwa a Pontypridd, 'yarta Mabli kuma ta fara tafiya, yanzu ba abin da ake ajiyewa ƙasa da tebur. Na ga hoton da ka turo kuna bakin teku a Perth, kana kukan zafi ya yi yawa. Ka ji tsoron Allah, Gethin. Ni nan tun Kirsimeti ban ga inuwata ba.

Ka san ni ba gwanar rubutu ba ce, amma maganar nan ba ta yiwuwa a waya. Duk lokacin da ka kira, Baba yana gefe ya yi kamar gyangyaɗi yake, alhali kunnen nan da ba ya jin likita yana jin raɗa daga bayan ƙofa biyu. Batun gidan tsofaffi ne. Ka ce in sanyin bana ya wuce ba a ga canji ba, mu karɓi ɗakin da suka ce za su riƙe mana. Ban ga laifinka ba ko kaɗan, don ni ma da bakina na faɗi haka a asibiti. Sai dai ina so ka ji yadda abubuwa suka tafi tun daga farko kafin mu yanke, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ka tuna dalilin da ya sa muka haɗa hannu ni da kai aka sa wa Baba sola. Likita ya hana shi hura kwal, ya ce ƙurar da huhunsa ya kwasa shekara talatin a ramin haƙar kwal ta ishe shi. Aka toshe murhu aka kawo hita mai ɗumama ɗaki, shi kuwa ya ƙi kunnawa don tsoron kuɗin wuta. Muka ce to, bari wutar ta zama tasa, daga rufin gidansa, mu ga abin da zai fake da shi. Ranar da masu aiki suka hau rufi da farantan solar, ya tsaya a titi hannu a aljihu yana ba su labari. Ya ce wai rana a kwarin nan baƙuwa ce mai kunya, takan leƙo ta ga ba a dafa mata komai ba ta koma. Wai in da ruwan sama suke tarawa, da gidansa kaɗai ya haska Landan. Da suka tambayi inda za a kafa batirin, sai ya nuna musu tsohon ɗakin kwal na bayan kicin, ya ce can wuta take kwana tun zamanin kakansa, ba zai sake mata ɗaki ba. Kafin wata ya zagayo ya fi kowa son abin. Akwai ɗan allo a jikin bangon kicin mai nuna cikar batirin, har mai kawo wasiƙu sai da ya jawo shi ciki ya gani. Na ce a raina shi ke nan, mun huta.

Ashe ban san ubana ba. Wata Asabar a cikin Nuwamba na je da safe na same shi zaune a kicin cikin babban kwat da hula, ya naɗe wuya da gyalen marigayiya Mama, numfashinsa yana fita da tururi. Hita a kashe take daga bango, talabijin haka, har fitilar saman bene. Shayi ma sau ɗaya yake dafawa ya juye a filas, ya yini yana kurɓa. Na tambaye shi ko wani abu ya lalace ne. Sai ya kama hannuna da hannunsa mai sanyin ƙarfe ya kai ni gaban allon, fuskarsa cike da murna, ya nuna mini batirin a cike fal. Ya ce kwana da kwanaki bai bari ya sauka ba. Na ce Baba ai don a ƙona aka saya. Ya dube ni kamar na yi saɓo a coci, ya ce mai hankali ba ya taɓa ajiya sai ranar babu, kuma ni da kai yaran zamani ne, ba mu san ranar babu ba.

Kai ba ka sani ba, gaskiya ne, don kana goye lokacin babban yajin aiki. Ni na sani. Shekara guda cur ba albashi, kwal ɗin da ake ba mahaƙa kyauta ma aka tsayar. Ni da Mama mukan hau tudun shara na bakin rami da bokiti muna tsintar ɓurɓushi da yatsu. Da abin ya ci tura aka ƙona shingen lambu, aka ƙona ƙofar ɗakin kwal ɗin ita kanta, daga baya kujerun da Mama ta zo da su gidan aure. Na ga Baba yana karya su a gwiwarsa. Tun daga ranar da aka koma aiki ɗakin nan bai ƙara zama fanko ba, ko da mu a cikin gida muna rawar ɗari. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Mun sake masa wuta, amma ɗakin na nan, mai ɗakin ma na nan.

Abin da ya biyo baya ka sani: ciwon huhu, motar asibiti, da makonnin da muka yi ba mu san ko zai fito ba. Da aka sallame shi aka haɗa mu da wata nas mai zagayen gidaje, sunanta Mariamma, 'yar ƙarama amma bakinta ba ya ɓoye-ɓoye. Ta gaya masa a gabana cewa huhunsa ba zai ɗauki karo na biyu ba, kuma in ta ci gaba da samun gidan da sanyi, dole ta rubuta cewa ba zai iya zama shi kaɗai ba. Ba irin bayanin da ba mu yi masa ba. Shugabar masu kafa solar ta dawo da kanta ta ce masa batir ba rumbu ba ne, in ya cika to hasken gobe ba shi da wurin shiga, sai dai ya tafi waje a sayar da shi a banza. Ta ce ko rana ba ta fito ba, da dare yakan cika kansa lokacin da wuta take araha. Alun ya ɗauko bokiti ya sa a ƙarƙashin famfo yana nuna masa yadda ruwa ke zuba in ba a ɗiba, har ya jiƙe takalminsa. Baba ya gyaɗa kai ya ce lallai an yi ilimi a gidan nan. Muna fita ya bi bango yana kashe makunni ɗaya bayan ɗaya. Na liƙe su da salatif, ya ɓare da wuƙar man shanu. Ranar na yi masa faɗan da ban taɓa yi ba, na fita na zauna a mota na yi kuka mai isata.

Sai na kai shi ya ga gidan tsofaffin da idonsa. Kada in rage musu, wuri ne mai tsabta da ɗumi, ma'aikatan kuma suna da kirki. Ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci, ya gaishe da kowa, ya yaba labule. A falo muka tarar da Trefor Beynon, wanda suka yi aiki a rami ɗaya tun suna samari. Baba ya durƙusa da ƙyar ya kira shi da sunan tsokanarsu, Trefor ya yi murmushi ya tambaye shi ko shi ne mai gyaran talabijin. Muka kamo hanyar dawowa har muka shigo kwari. Sannan Baba ya ce a hankali wai in na ga haka ya fi, ba zai ba ni wahala ba. Gethin, da ma zagina ya yi. Ban taɓa jin Baba ya sallama wa kowa ba, kuma ban ji daɗin zama ta farko ba.

Mabli ce ta buɗe mini ido. Wata Lahadi Lowri ta shigo da ita, kafin a cire mata takalmi Baba ya riga ya miƙe ya kunna hita, ya ɗora buta, yana mita wai za a kashe masa tattaɓa-kunne da sanyi. Sai na tuna haka yake yi ko fasto ne ya zo. Kansa ne ba zai ƙona wa wuta ba, amma baƙo ba ya jin sanyi a gidan Idwal Pritchard, wannan abin kunya ne da ba zai ɗauka ba. Na ce to an zo wurin. Na bi matan coci na roƙe su su riƙa leƙa shi. Allah ya saka musu, sun yi ƙoƙari, sai dai kowa da hidimarta, awa ɗaya sun tashi, suna fita yana kashewa. Anti Blodwen ce kaɗai mai iya yini, ita kuwa ka san bakinta. A rana ta uku ya ce mini in na sake turo masa ita zai je ya kai kansa gidan tsofaffin da ƙafarsa, wai can aƙalla ana kashe rediyo.

Yanzu ka gyara zama. Ka san Haydn Probert, maƙwabcinmu na jikin bango, wanda aka hana mu gaisarwa tun muna yara. Ban sani ba ko an taɓa gaya maka dalili filla-filla. Ana saura kaɗan yajin ya ƙare sai Haydn ya koma aiki, a cikin bas mai ragar ƙarfe a tagogi, 'yan sanda na rakiya. Jaririyarsa ce take ciwon ƙirji a ɗaki ba wuta, kowa ya san haka, amma kwarin nan bai karɓi uzuri ba. Aka sa masa suna maci amana, sunan ya bi shi shekara arba'in. Matarsa ta rasu, 'yar ta yi aure a Ingila, shi kaɗai ya rage. Na daɗe ina ganinsa a tashar bas kullum da safe, ashe da katinsa na tsofaffi yake hawa kyauta ya je Cardiff ya dawo, ya sake komawa, don kawai bas tana da ɗumi. Wata Talata a Janairu ana ruwa haɗe da ƙanƙara, bas ba ta zo ba, na gan shi tsaye leɓɓansa sun yi shuɗi. Ba zan ce maka tausayi ne zalla ba, har da dabara. Na ce Mista Probert, zo ka fake. Ya waiga bayansa don ya ga da wa nake.

Da muka shiga kicin, Baba ya ɗago ya gan shi, sai na ji kamar in juya da gudu. Haydn ya cire hula ya tsaya a bakin ƙofa, ruwa na ɗiga daga kwat ɗinsa, jikinsa na karkarwa. Baba ya daɗe yana kallon bango. Can sai ya miƙe ya je ya kunna hita, ya murɗa ta har ƙarshe, ya ɗora buta. Bai dubi mutumin ba. Kyanwarsa Modlen ya duba, ya ce mata wai ta gaya wa wanda ya shigo kada ya tsaya yana jiƙa wa mutane dabe, ga kujera can. Da na raka Haydn da yamma na dawo, Baba ya tare ni da faɗa, ya ce kada in ɗauka wani abu ne. Wai shi dai ba za a je ana cewa maci amana ya shiga gidan wanda ya tsaya har ƙarshe ya tarar ba wuta ba. Ya zo ya gani da idonsa, wai su da suka riƙe amana ba su mutu ba, wutarsu ma daga sama take sauko musu. Na ce haka ne Baba, ya kamata ya gani sosai, gobe ma zan kawo shi ya ƙara gani.

Tun daga ranar kullum yana can, daga hantsi har a kunna fitilun titi. Har yau Baba bai yi masa magana kai tsaye ba, komai ta bakin Modlen yake bi. Ta gaya wa wancan shayi ya yi. Ta tambayi wancan ko a gidansu ba a koya masa rufe ƙofa ba. Shi ma Haydn ya koyi hanyar, yakan ce wa kyanwar ta gaya wa mai gida miyarsa gishiri ya yi yawa, Baba ya ce ta gaya masa ba a gayyace shi ba balle ya zaɓi gishiri. Kyanwa dai ta yi ƙiba, don kowa na ba ta cin hanci. Suna kallon ƙwallon zari-ruga tare, suna zagin alƙalin wasa ɗaya, kowa ta gefensa. Wata Lahadi da yamma ina wanke kwanuka aka sa waƙoƙin coci a talabijin, na ji Haydn ya kama wata a hankali da siririyar muryarsa, can sai na ji ta Baba ta shigo ta ƙasa ta tallafe ta. Ba wanda ya kalli wani. Na bar famfo yana zuba don kada su san ina ji. Batir kuwa kullum kafin dare ya sauka ƙasa, Baba ya tsaya gaban allon yana tsaki, wai baƙin zamani ba su da ta ido. Mariamma ta zo sau biyu ta tarar da gida da ɗumi, ta auna ƙirjinsa ta ce bana ba ta ji shi sarai haka ba.

Makon jiya ne abin da ya sa na ɗauki biro ya faru. Na je da rana na tarar da gida ba kowa, hita ba ta nan, ƙofar baya a buɗe. Sai na ga doguwar wayar wuta, wadda Alun yake jona injin yankan ciyawa da ita, ta fito ta tagar kicin, ta haye katanga, ta shiga tagar Haydn. Na bi ta. Rabona da shiga gidan nan tun ina 'yar firamare. Na same su a ɗakin ƙasa, Haydn kwance da mura mai zafi, hitar Baba tana ci a gefen gado, Baba kuma zaune a kujera da kwanon miya a cinya, kyanwar a ƙafarsa, don ita ma ya ɗauko ta, in ba haka ba da wa zai yi magana. Mutumin da ba ya iya hawa bene sai ya huta a tsakiya, shi ya ɗauki hita ya zagaya da ita ta lungu. Alun ya zo ya yi ta faɗa a kan wayar, ya ce haka ake tada gobara, ya sake ta da mai kauri wadda ruwa ba ya shiga. Haydn ya samu sauƙi yanzu, jiya ma shi ya zo da ƙafarsa.

Da na rako Baba gida ran nan, ya zauna yana haki, na ce masa ashe dai an shirya. Ya ce in kiyayi bakina, shi bai yafe ba kuma ba zai yafe ba, abin da aka yi an yi. Sannan ya ce amma ya ga ɗakin da mutumin nan yake kwana, bango duk ya yi baƙi da danshi, kuma a ɗakin ne jaririyar take a waccan shekarar. Ya ce shi kujeru ya ƙona, da kai ne kake tari irin nata, bai san me zai ƙona ba. Daga nan ya kama hannuna ya ce ya san ni da kai muna shawara a kansa, kuma ya riga ya ce ba zai ba mu wahala ba. Abu ɗaya kawai yake so in tambaye ka, tunda kai ne mai ilimi: in kun kai shi can, wa zai ɗumama wancan maci amanar?

Babu kowa, Gethin, kai ma ka san haka. Don haka na kira gidan tsofaffin na ce su ba wani ɗakin. Na yi ba tare da na jira ka ba, in ka ji haushi ka huce a kaina. Ban ce maka ya warke ba, ban kuma san abin da sanyin baɗi zai zo da shi ba. Abin da na sani shi ne yau da safe na same shi ya kunna hita tun kafin kowa ya ƙwanƙwasa, wai kada mutum ya shigo ya tarar da ɗaki bai yi ɗumi ba ya samu abin faɗa.

Ka gaishe mini da Narelle da kyau, ka ce ina nan ina yi mata addu'a. Ka sumbaci Osian da Tegan, ka ce kakansu yana tambayar ko sun fara jin yarenmu ko har yanzu sai na mutanen can. Alun yana gaishe ka, haka Lowri da mijinta Rhodri. Anti Blodwen ta ce in gaya maka ka rame a hoto. Akwai kuma gaisuwa ɗaya da ban taɓa isar maka ba tun da aka haife ka: Mista Probert ya ce a gaishe da yaron. In za ka amsa, ka aiko ta hannuna, ko ta hannun Modlen.

Ubangiji ya tsare, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka har kullum,
Yayarka Nerys